Rumbu Cike, Zaure Ba Wurin Zama

Jiya da hantsi ina zaune nan bakin shago, wata 'yar jami'a ta kawo laftof ɗinta wai tana nauyi. Ɗayanku, ba zan kama suna ba, ya kwance ta, ya zare ram, wato memorin da kwamfuta ke aiki a kansa, ya cusa wanda ya fi shi, ya mayar da murfi, ya ce mata an gama. Kuma an gama ɗin, laftof ta tashi garau. Da yarinyar ta tafi sai na ji gogan naku yana gaya wa abokinsa wai aikin kwamfuta duk bai wuce a ƙara ram ba. To, Allah ya kyauta! Ku jawo benci, tunda an ɗauke wuta ba abin da za ku tsinana, in ba ku labarin ranar da ƙarin ram ya cinye mana abin da har yau ba a mayar ba.

Ni ba da kwamfuta na fara ba, da rediyo na fara, wajen Malam Sahabi mutumin Dundaye. Kullum safiya yakan shigo gari bisa wani tsohon babur, jakar aiki ɗaure a baya, ya buɗe shagonsa nan Gawon Nama. Kayan aikin nasa ba su da yawa: mita mai allura, ƙarfen narka dalma, sukundireba uku, tsohon buroshin haƙori, kwalbar sifirit da ƙullin auduga. Na daɗe wajensa ban taɓa komai ba sai goge kan rakoda, ɗan ƙarfen nan da zaren kaset ke bi ta kansa. In na goge ya duba, ya ce in sake. In na ce ai ya fita, ya ce, "Modi, idonka yac ce ya hita, ni kunnena bai ce ba." Mutum ne da zai saurari kaset na ɗan lokaci ya gaya maka ko a mota aka ajiye shi ko a ɗaki.

Da aka fara buɗe shagunan intanet a garin ga, sai kwamfutoci 'yan kwatano suka cika ko'ina, ni kuma hankalina ya koma can. Maigidana bai hana ni ba. Wani baƙo da ya zo ɗaura wa wani shago babbar na'ura shi ya fara nuna mini babbar manhajar nan Linuks, ya tafi ya bar ni da baƙin allo da rubutu fari. Sauran na koya da kaina, ina karantawa, ina ɓatawa, ina sake ɗorawa. A nan na san abin da ake kira kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda ke raba wa kowace manhaja lokaci da wuri, ta ce wannan naki ne, wannan ba naki ba ne.

Yanzu ku buɗe kunne, don in ba ku gane nan ba, sauran labarin zai zame muku tatsuniya. Furosesan wancan zamani, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai bit talatin da biyu ne. Adireshin da yake iya kira a lokaci guda bai wuce giga huɗu ba, ko da ka tara masa ram har rufin ɗaki. A cikin huɗun nan kanel yakan bar wa manhajoji uku, ya riƙe ɗaya. Ɗayan nan ma ba duka yake shimfiɗa wa ram ba. Mega ɗari takwas da casa'in da shida ne kawai yake gani kai tsaye, kullum, ba tare da wata dabara ba. Wannan shi muke kira memorin ƙasa. 'Yar tazarar da ta rage yakan bar ta kamar taga. Duk ram ɗin da ya haura wannan iyaka shi ne memorin sama, wanda masu aikin ke kira haimem. Kanel ya san yana nan, yana kuma ba manhajoji su zuba kayansu a ciki. Amma shi kansa, in yana son ya taɓa wani shafi, wato ɗan yankin memori, a can, sai ya jawo shi bakin tagar nan na ɗan lokaci, ya gama abin da zai yi, ya sake shi don wani ya samu wuri.

Ranar da na yi wa Malam Sahabi wannan bayani yana cikin like wata waya, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Wato maigida shina zaure, gero shina rumbu." Na ce haka ne. Ya ce, "To ƙaƙa shika sanin abin da ke rumbu?" Na ce ai kowane shafi na memorin sama sai kanel ya ajiye masa ɗan bayani a memorin ƙasa, kuma duk wasu kayan aikinsa na kansa, irin sunayen fayiloli da inda suke, a ƙasan dole suke zama, ba ya iya kai su sama. Ya yi dariya ya ce, "Kowane dami da tsinkenai na ƙidaya cikin zaure ke nan. To in ka cika rumbu da yawa, wata rana tsinke na korar maigida waje." Ban taɓa jin wanda ya faɗi abin daidai kamar haka ba. Akwai dabarar da ke sa furosesa ya karɓi ram fiye da giga huɗu, amma rumbu take faɗaɗawa, zaure yana nan yadda yake. In kuwa zauren ya cika ƙil, kanel ba ya shawara da kowa, yakan kama wata manhaja ya kashe ta don ya samu wurin numfashi, ko da rumbu na can da fili fetal.

Aikin da nake son in gaya muku, wani Malam Haliru ne ya kawo mana shi, daga Ƙofar Kware. Ma'aikacin gwamnati ne, ɗan wani babban malami da ya rasu, wanda mutanen gidan ke kira Baba Malam. Shekara da shekaru Baba Malam yana ba da karatu a zaurensa, ɗalibai suna ɗauka a kaset. Bayan rasuwarsa aka tattaro kaset ɗin kwali-kwali, wasu daga ƙauye, wasu daga ƙarƙashin gado, da yawa zafin Sakkwato ya riga ya taɓa su. Malam Haliru yana son a juye su duka cikin kwamfuta kafin su mutu. Ya sayi wata tsohuwar babbar na'ura 'yar kwatano, muka girke ta a wani ɗaki jikin zauren. Muka raba aiki: Malam Sahabi da rakoda da kaset, ni da na'ura. Kowane karatu sai mu yanka shi babi-babi, ga kuma hotunan shafukan littattafan Malam da ake ɗauka, fayiloli ƙanana dubbai. Da ram ɗinta giga huɗu na'urar tana tafiya a hankali, amma ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Kullum da azahar fura takan fito mana daga cikin gida, da la'asar kuma tuwo. Malam Haliru ya ce aikin Inna ne, mahaifiyarsa. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma ba ta yarda wani ya dama wa masu aikin Malam fura ba. Shi ne kuma ya gaya mana abin da take jira. Akwai wani kaset guda da aka nema aka rasa, na karatun Baba Malam na ƙarshe, ranar da ya sauke littafin da yake karantarwa. Waɗanda suka halarta sun ce bayan ya rufe littafi ya yi doguwar addu'a, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya ambaci matarsa a gaban maza, ya ce ita ta ciyar da ɗalibansa duk tsawon shekarun nan, ya roƙi jama'a su yi mata addu'a, ya kuma nemi ta yafe masa. Kun san malaman garin ga da kunya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inna tana cikin gida ranar, ba ta ji ba. Labari kawai aka kai mata. Duk lokacin da Malam Haliru ya kai mata faifan da muka gama, sai ta ce, "An ga wancan?"

Ana nan sai ga Alhaji Ladan. Babban ɗan kasuwa ne mai zuwa ƙasashen waje sayo kaya, kuma tsohon ɗalibin Baba Malam, ya girmi Malam Haliru nesa ba kusa ba. Ya ji ana aikin, ya tambayi wani mai shagon kwamfuta a can waje abin da ke sa na'ura sauri, aka ce masa ram. Mutumin kirki ne, wallahi, ba shi da wata manufa sai lada. Ya aiko da kwali, giga goma sha shida, sabo fil, daidai da na'urarmu, da saƙon cewa wannan rabonsa ne a aikin Malam.

Na samu Malam Haliru na ce, "Malam, kayan ga sun yi wa na'urar ga yawa. In anka sa su duka, tana shaƙewa." Na yi masa bayanin rumbu da zaure. Ya saurara tsaf, don mutum ne mai fahimta. Ya ce, "Modi, na gane. Amma kyautar da anka yi don Allah, a aikin Baba, ƙaƙa za ni maishe ta? Ko in ce mai rabi munka ɗauka? Wa ka rage ma mutum lada nai?" A gidajen nan haka abin yake. Wanda ya kawo tabarma zauren Malam, ko akwai goma, sai an shimfiɗa tasa ya gani. Sai na samo mafita. Na cusa ram ɗin duka a jikin na'ura, amma na rubuta wa kanel umarni tun wurin tashi cewa ya tsaya a giga huɗu, ya yi kamar bai ga sauran ba. Kyauta tana ciki, zaure yana da wuri, kowa ya huta. Muka ci gaba da aiki lafiya lau.

Wata Asabar Malam Haliru ya ce Alhaji zai zo ganin aiki bayan la'asar, shi da jama'arsa, kuma lalle zai so ya ga kyautarsa a allo. Ya roƙe ni in cire takunkumin na yinin nan kawai. Na ce to, da sharaɗin ba za a juye kaset ko ɗaya ba sai na mayar. Muka yi haka. Tun da safe 'yan gidan suka yi ta shiga suna fita, suna kwafar karatu zuwa faifai don a raba wa baƙi, ana buɗe wannan ana rufe wancan. Ina leƙa lissafin kanel ina ganin memorin sama fili kamar filin idi, na ƙasa kuwa yana ta tsukewa.

Alhaji ya zo, aka gaisa, aka cika ɗaki. Na nuna masa allo, ga goma sha shida ɓaro-ɓaro. Ya yi murmushi ya ce, "Madalla, Allah shi karɓa." Sai ya sa hannu aljihun babbar riga ya fito da wani abu naɗe cikin hankici. Ya ce ya bi sawu har wani ƙauye, wajen iyalan wani ɗalibi da ya rasu, ya samo. Kaset ɗin nan ne.

Malam Sahabi ya karɓa, ya ɗaga shi wajen haske, ya sa biro ya ɗan juya, ya shinshina. Ya ce, "Wanga ya sha rana ƙwarai. Hodar jikinai na zuba. Tahiya guda za shi yi, ba shi yin ta biyu." Alhaji ya ce, "To mi muka jira? A sa shi yanzu mu ji, na'ura ta ɗauka, a kai ma Inna."

Na ce, "Alhaji, a yi mini afuwa, sai na kashe na'ura na sake tayar da ita." Ya ce, "Mi yas same ta? Ba yanzu kan nuna man lahiyarta lau ba?" Na ce ram ɗin ne ya yi mata yawa, ina son in rage abin da take gani kafin mu fara. Wani daga cikin mutanensa ya yi 'yar dariya ya ce yau ya ji abin mamaki, wai ƙoshi ke hana aiki. Fuskar Alhaji ta canza, ba fushi ba, irin ta wanda aka mayar wa kwano bai taɓu ba. Na dubi Malam Haliru. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Modi, a sa. Allah na nan." Gidansu ne, mahaifinsa ne, baƙonsa ne. Na rufe duk abin da zai rufu a na'urar, na buɗe manhajar ɗaukar sauti, Malam Sahabi ya yi bisimilla ya danna.

Kai da kake shirin tambayata me ya hana mu ɗauka da waya, riƙe bakinka. Wayar lokacin in ta yi ƙoƙari ta ɗauki gaisuwa. Rakoda ta biyu kuwa tana shago, a kwance.

Muryar Baba Malam ta fito, ta dishe kaɗan, amma ras. Manyan mutane suka sunkuyar da kai. Ni idona yana kan allo. Karatu ya yi nisa, layin sauti yana tafiya, har na fara cewa ko mun tsira. Malam ya kai babin ƙarshe. Sai layin ya tsaya, tagar manhajar ta ɓace ɗif. Kanel ya rasa wurin zama, ya kashe ta. Na raɗa wa Malam Sahabi ya tsayar, ya girgiza kai, ya nuna mini kan rakoda, ga hoda ja tana taruwa. Ya raɗa mini cewa in ya tsaya zaren zai manne ya tsinke. Na sake buɗe manhajar, ta ɗauki abin da bai kai numfashi biyu ba, kanel ya sake kashe ta. Na sake, haka. Ina ta bugawa, ga giga sama da goma a sama ba mai taɓa su.

Ina cikin haka na ji Baba Malam ya rufe littafi ya shiga addu'a. Sai na janye hannu daga allon rubutu na saurara, don ba sauran abin da zan iya. Ya yi wa iyaye, ya yi wa malamansa, ya yi wa ɗalibai. Sannan ya yi gyaran murya, ya ambaci Inna. Alhaji Ladan ya rufe fuska da hannun riga yana kuka kamar yaro. Kaset ya kai ƙarshe, rakoda ta yi ƙas. Da Malam Sahabi ya fito da shi, wani wurin zaren har kana hango haske ta cikinsa. Daga baya ya gwada duk abin da ya sani, ba a samu komai ba sai huci.

Ba wanda ya ɗaga murya. Alhaji ya tambayi abin da ya faru, Malam Haliru ya ce na'ura ce ta samu matsala, ya bar shi a haka, ni ma na bar shi a haka. Har Alhaji ya koma ga Allah ba na jin wani ya gaya masa cewa kyautarsa ce sanadi. Abin da ke cina har yau shi ne, na san abin, na kuma faɗe shi, amma ban samu yadda ake faɗinsa a gaban dattijo ya shiga ba tare da ya ji ciwo ba. Na sha juya maganar a raina, har gobe ban samo ba.

Shekarar nan ba ta yi mana kyau ba ta ko'ina. Wayoyi suka fara shiga intanet, shagunan da nake kula wa da na'urori suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Harkar kaset ta mutu, Malam Sahabi ya ɗaure jakarsa ya koma Dundaye noma, can ya ƙare. Furosesa mai bit sittin da huɗu kuma ya cika kasuwa, shi kuwa zaurensa ya fi kowane rumbu girma, kanel yana ganin ram duka kai tsaye, ba sama ba ƙasa. Shi ya sa ku kuke cusawa ku ce an gama, kuma ku yi gaskiya. Na ji ma masu rubuta kanel suna maganar cire haimem gaba ɗaya, tunda sai 'yan ƙananan na'urori ke buƙatarsa. Ilimin da na ci wuya kafin in samu, yau ba mai tambayata shi. Da na'urar nan ta Ƙofar Kware ta zo a makare kaɗan, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Ranar da muka kammala aikin, muna naɗe wayoyi, aka ce Inna tana kirana. Ban taɓa wuce zaure ba sai ranar. Na tarar da ita zaune bisa tabarma bakin ɗakinta, 'yar ƙaramar tsohuwa, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Malam Haliru ya riga ya gaya mata abin da ya samu kaset ɗin.

Ta ce, "Kai ne Modi mai na'ura?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"An ce kana ɗakin."

"Ina nan, Inna."

"Ka ji shi da kunnenka?"

"Na ji."

Ta ce, "Haliru da Ladan ɗiyana ne, suna jin kunyata, kowa sai shi ce man Malam ya yi addu'a. Kai baƙo ne. Da wane suna yak kira ni?"

Na gaya mata. Bai ce uwar Haliru ba, bai ce uwargida ba, sunanta na yanka ya faɗa, sau biyu.

Ta sa bakin mayafi ta goge ido. Ta ce, "Tun ran da anka kawo ni gidan ga ban taɓa jin shi bakinai ba." Sannan ta ce in maimaita mata yadda ya faɗa, tun daga gyaran muryar. Na maimaita, da muryata, irin wagga da kuke ji.